Yadda Ake Gane Ingancin Tsofaffin Kayan Katako da Kimanta Kuɗinsu Kafin a Saya

Tun da mutane suka san ina tara tsofaffin kujeru da akwatuna, tambaya ɗaya ce take ta dawowa: yaya ake gane na gaske, kuma nawa ya kamata a biya? Wani zai turo hoton kabad ɗin kakarsa yana son a yanka masa farashi. Wata ta ga kujerar Nupe a Kasuwar Kurmi, an ce mata ta shekara ɗari biyu. Hoto ba ya ba da amsa, balle hoton gaba. Fuskar kayan katako ita ce inda mai sayarwa ya kashe kuɗi da lokaci. Bayansa da ƙarƙashinsa kuwa ba wanda ya damu da su, don haka nan gaskiya take zaune. Ga yadda nake bi, daki-daki.

1. Haɗa kayan aiki

Ba wasu kaya ne masu tsada ba, duk za su shiga ƙaramar jaka: tocila mai haske sosai, tef ɗin awo, mayen ƙarfe, sukundireba, allura doguwa, farar takarda, ɗan ƙullin auduga da ƙaramar kwalbar sifirit. Wayarka ta isa ɗaukar hoto. Ka sa tufafin da ba ka jin tsoron su yi datti, domin sai ka durƙusa, wani lokacin ma sai ka kwanta a ƙasa.

Gargaɗi: kada ka duba kaya da magariba ko a cikin shago mai duhu. Ka ce a fito da shi rana. Wanda ya ƙi fito da shi ya rage maka aiki.

2. San abin da ke gabanka, da abin da doka ta ce

Abin da ke yawo a kasuwanninmu kusan kashi uku ne. Akwai aikin masassaƙa na gida, irin kujerun Bida masu ƙafafu da yawa da ake sassaƙawa daga guntun icce ɗaya, da ƙofofi masu zane, da kujerun Asante na Gana. Akwai aikin kafintoci na zamanin Turawa da bayansa: tebura da kabad-kabad da kujerun da aka yi wa ofisoshi da gidajen ma'aikata da na 'yan reluwe, galibi da maɗaci ko loko. Sai kuma kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai a kwantena, inda jefi-jefi ake tsintar tsohon abu na kirki a cikin tarkace.

A wurin 'yan wannan harka, sai abu ya kai shekara 100 ake kiransa tsohon kaya na asali. Wanda bai kai ba yana iya yin daraja, amma ajinsa daban. Gadon Vono na ƙarfe da iyayenmu suka yi yayi da keken ɗinki na Singer mai tebur, yawancin waɗanda ake gani suna wannan aji na biyu.

Gargaɗi mai girma: dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta Najeriya ta lissafa aikin hannun 'yan ƙasa da aka yi kafin 1918 a cikin kayan tarihi, har da ƙofofi da sassaƙe-sassaƙe, haka ma abin da ke da muhimmancin tarihi da aka yi amfani da shi a bukin gargajiya. Irin wannan ba a sayensa sai wakilin da hukumar ta amince da shi, kuma ba a fita da shi daga ƙasar sai da izini. Saboda haka mai ce maka ƙofar nan ta shekara ɗari biyu ce, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma yana tallata maka abin da zai jawo maka rigima. In kana shakka, je gidan tarihi na ƙasa mafi kusa da kai, kamar Gidan Makama a Kano ko na Jos ko na Kaduna, ka yi tambaya. Ƙasashen maƙwabta ma kowace da tata dokar. Duk abin da aka yi wa ado da hauren giwa kuma, ka bar shi inda ka gan shi.

3. Tsaya daga nesa tukuna

Kafin ka taɓa, ja da baya kamar taku uku ka kalle shi gaba ɗaya. Sama da ƙasa sun dace? Launin ƙofofi ɗaya ne da na jiki? Ƙafafun sun yi daidai da girman abin, ko sun yi gajarta kamar an datse su? Sau da yawa gara ce ta ci ƙasan aka yanke. Kabad mai hawa biyu shi aka fi yi wa haɗin gambiza: saman wani, ƙasan wani. Zagaya baya ka ga ko falankan sama da na ƙasa iri ɗaya ne, kuma sun tsufa tare.

4. Juya shi, zaro durowa

Nan aikin yake, kuma nan ya kamata ka ɓata mafi yawan lokacinka.

Zaro durowa gaba ɗaya, ka dubi kusurwar da gaba ya haɗu da gefe. A aiki mai kyau za ka ga haƙora suna shiga juna, kowane da faɗi a baki kamar wutsiyar kurciya. Idan hannu ne ya yanka su, ba su cika yawa ba, uku ko huɗu, tazararsu ba daidai ba, wani lokacin har za ka ga siririn layin da kafinta ya ja don awo. Idan suna da yawa, girmansu ɗaya kamar haƙoran mataji, inji ne. A Turai da Amurka sai a ƙarshen ƙarni na 19 inji ya karɓe wannan aiki. Idan kuwa gam ne da ƙusa kawai suka riƙe kusurwar, aikin araha ne ko da ya tsufa.

Shafa tafin hannunka a ƙasan durowa da falankan baya. Katakon da aka kankare da hannu yana da ɗan tudu da kwari da ido ba ya gani sai hannu ya ji. Haska tocila a karkace, ba kai tsaye ba, sawun zarto zai fito. Sawu mai lanƙwasa kamar baka na zarton inji mai juyawa ne. Miƙaƙƙe wanda tazararsa ba daidai ba na zarton hannu ne. A kujerar masassaƙi, juya ta ka nemi sarar gizago a ƙarƙashi da tsakanin ƙafafu. In ka tarar da wurin sumul kamar an lashe, injin gugar katako ya bi ta kai.

Sai ƙusoshi. Ƙusar da maƙeri ya ƙera tana da kusurwa huɗu da kai marar tsari. Zagayayyar ƙusa irin ta yau sai wajen 1890 ta mamaye kasuwa. Sukuru mai kan gicciye, wanda ake kira Phillips, sai a shekarun 1930 ya fito. Katakon da ake matsawa daga dusar icce da gam ya yaɗu ne bayan yaƙin duniya na biyu, MDF kuma, wato irinsa mai laushin gari da santsi, sai a shekarun 1960 ya fito. Filawud da fomaika da ƙusar sitefula duk alamun ƙarni na 20 ne.

Gargaɗi, kuma nan mutane da yawa ke faɗawa: waɗannan alamu suna faɗa maka lokacin da abu ba zai riga shi ba ne kawai. Sukurun Phillips na asali ya isa ya kore da'awar shekara 150. Amma aikin hannu shi kaɗai ba ya tabbatar da tsufa a ƙasarmu, domin kafintocinmu sun ci gaba da yanka haƙora da hannu, maƙera na ƙera ƙusa, ana tsaga falanki da zarton mutum biyu, shekaru da yawa bayan Turai ta daina. Ƙa'idar da nake bi ita ce: nemi abu mafi sabunta a jikin kayan wanda tun farko da shi aka yi shi, shi ne zai ba ka shekarunsa. Na ce tun farko, saboda sabon sukuru yana iya zama gyara. Duba gefensa, in akwai tsohon rami da aka toshe ko shacin tsohon hinji, to gyara ne.

Ni ma a nan na sha ƙasa. Wani akwati na taɓa saya, baƙi wuluk, da maɗauran ƙarfe masu tsatsa, mai shi yana rantsuwa na fatake ne. Ƙamshin hayaƙi na tashi daga jikinsa, ni kuwa na ɗauka shekaru ne. Sai da na kai gida na kifa shi a tsakar gida, na kankare wani ƙullin datti da farce, sai ga kan sukuru mai gicciye yana ƙyalli, babu wani tsohon rami kusa da shi. Da na goga farin tsumma a ciki, baƙin ya biyo tsumman yana warin baƙin mai. An shafe shi ne an rataye a madafa. Da a ce na kifa shi tun a shagon, da minti biyu sun ishe ni.

5. Gane iccen

Maɗaci ja ne mai duhu, yana da nauyi, yana karɓar folish da kyau. Loko yakan fara da ruwan ɗorawa ya koma ruwan ƙasa mai duhu, kuma gara ba ta cika sha'awarsa ba. Kirya tauri da nauyi, shi ya sa ake turmi da ita. Madobiya tana da jijiyoyi masu kyau, kawo ma icce ne mai ƙwari. Malaina da sauran farin katako marar nauyi su ake rinawa a ce maɗaci ne. Ɗaga gefe ɗaya ka ji nauyinsa, sannan ka dubi wurin da rini bai kai ba, kamar cikin ramin makulli ko ƙarƙashin ƙafa.

A kayan Turai za ka yawaita ganin siririn katako mai tsada an manna a kan mai araha. Wannan ba aibi ba ne, tsohuwar sana'a ce. Abin dubawa shi ne me ke ƙarƙashinsa: icce na gaske ko dusa. Kuma kada ka tsorata in ka ga cikin durowa da bayan kabad da wani icce daban. Haka tsofaffin kafintoci ke yi, ba sa ɓarnar icce mai tsada inda ba a gani.

Tebur mai zagaye, auna faɗinsa sau biyu, da bin jijiyar icce da kuma a gicciye. Katako yana tsukewa ta gicciye, don haka tsohon tebur ba ya zama zagaye cif. Sai dai kada ka dogara da wannan sosai a Arewa. Hunturu biyu sun isa su tsuke ɗanyen katako.

6. Bi sawun amfani

Tsufa na gaske yana bin hannu da ƙafa. Sandar da ake ɗora ƙafa a kujera takan lotsa a tsakiya. Gefen mariƙin durowa yakan yi duhu da santsi saboda maiƙon hannu. Hanyar da durowa ke bi takan ci ta yi kwari. Ƙasan ƙafafu yakan goge saboda ja a daɓe. Zauna a kujerar, ka ga ko inda hannunka ya sauka nan ne ya fi gogewa. Tsufan da aka ƙirƙira kuwa ko'ina yake, har inda ba mai taɓawa, kuma raunukan kan yi kama da juna domin abu ɗaya aka yi ta bugawa.

Launi ma haka. Ƙarƙashi da baya sukan yi duhu a hankali saboda iska da ƙura, amma inda katako biyu suka rufe juna yakan zauna da haske. In launin ɗaya ne har cikin lungu, rini ne. Kwance mariƙi ɗaya in an yarda maka: katakon da ke ƙarƙashinsa ya kamata ya nuna shacinsa. Ɗora mayen ƙarfe a kan mariƙin da aka ce tagulla ne. In ya kama, ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla.

7. Gwada shafen jiki

Jiƙa auduga da sifirit kaɗan ka dangwala a wurin da ba a gani. Idan wurin ya yi danƙo, tsohon folish ne da ake kira shalak, wanda ake yi da danƙon wani ƙwaro, alama ce mai kyau ko da yake har yau ana amfani da shi. Idan bai motsa ba kuma jikin yana ƙyalli kamar leda, shafen zamani ne, wataƙila an kankare na asali.

Gargaɗi: nemi izinin mai kaya kafin ka gwada. Sannan tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, kada ka goge shi da samfefa a cikin gida, balle inda yara suke.

8. Nemi gara da ƙwaro

Gara tana cinye ciki ta bar ɓawo, sai abu ya yi kyau a ido alhali fanko ne. Ƙwanƙwasa ƙafafu da falankan ƙasa da bayan sukundireba. Lafiyayyen katako amonsa a cike yake, wanda aka cinye kuwa sai ka ji kamar ƙwarya. Danna bakin sukundireba a hankali a ƙasan ƙafa, in ya nutse, ka ga abin da kake nema.

Ƙananan ramuka aikin ƙwaro ne mai huda katako. Shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashi ka bubbuga. Idan gari mai haske ya zubo kamar tsaki, ƙwaron yana nan da ransa. Ramuka masu duhu marasa gari tsofaffi ne. Masu dabara kan huda ramuka da kansu don abu ya yi kama da tsoho. Zura allura: ramin ƙwaro yana karkacewa, allura ba ta nisa, na hannu kuwa miƙe yake. Idan kuma ka ga hanyoyin ƙwaro a buɗe a saman falanki kamar zane, an yanka katakon ne bayan ƙwaron ya gama ci, wato sabon aiki ne da tsohon icce.

Gargaɗi: abin da ke da ƙwaro mai rai kada ya shiga ɗaki ɗaya da sauran kayanka sai an yi masa magani.

9. Tambayi tarihinsa, ka nemi shaida

Duba ƙarƙashi da cikin durowa ko akwai takardar kamfani, hatimi, lambar ofis ko rubutun fensir na kafinta. Kujerun kamfanin Thonet na Turai, na lanƙwasasshen icce, waɗanda samfurinsu mai lamba 14 ya fito a 1859, sukan ɗauki takarda ko hatimi a cikin zoben mazauni, kuma an kwaikwaye su ba iyaka. Keken Singer lambar da ke jikin kansa tana nuna shekarar ƙira, ana iya bincikawa a intanet.

Labarin baki ba ya ƙara ko kwabo. "Daga gidan sarauta ya fito" na ji shi ya fi a ƙirga. Abin da ke ƙara daraja shi ne tsohon hoto da kayan ya fito a ciki, ko rasit, ko wasiƙa, ko dattijon gidan da zai faɗa a gaban shaidu.

Gargaɗi: yawancin kaya masu kyau daga gidajen gado suke fitowa. Tabbatar an raba gadon, ko duk magada sun yarda. Yaron da ya zo da kujerar kakarsa a ɓoye, gobe da baffansa za ka yi shari'a. Abin da ke ɗauke da lambar gwamnati kuma, nemi takardar gwanjonsa.

10. Yi lissafi kafin ka taya

Tsufa kaɗai ba kuɗi ba ne. Ni ga yadda nake jera abin da ke sa daraja: asalin jikinsa bai taɓu ba, lafiyarsa, kyawun aikin, ƙarancin irinsa, tarihi mai shaida, sai kuma ko akwai masu nemansa yanzu. Wannan na ƙarshe yana juyawa. Manyan kabad-kabad na zamanin Sarauniya Biktoriya sun faɗi warwas a Ingila tun da gidaje suka ƙanƙance aka daina yayinsu, alhali kujerun Denmak na shekarun 1950, irin na mai tsara kujeru Hans Wegner, da ba su kai shekara 100 ba, sun fi su tsada nesa ba kusa ba.

Nemi abin da aka sayar da irinsa, ba abin da ake nema ba. Farashin da ke rubuce a shafin tallan kaya na Jiji ko shafin Facebook fata ne na mai kaya. A shafin ciniki na eBay ana iya tace waɗanda aka riga aka sayar, gidajen gwanjo irin su Christie's da Sotheby's ma suna wallafa sakamakonsu. Ka tuna manyan gidajen kan ɗora wa mai saye kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan farashin da aka sallama a gwanjon. Kuma kuɗin Landan ba kuɗin Kano ba ne, mai sayen da ke can ba ya nan.

A misali kawai, a ce lafiyayyen irinsa yana tashi naira 200,000 a garinku. Kafinta ya ce gyaran ƙafa da ɗaure haɗi 35,000, maganin ƙwaro 10,000, mota da 'yan dako 15,000, la'adar dillali 10,000. Saura 130,000. Ka sake ragewa, domin gyararren kaya ba ya kamo wanda ba a taɓa ba. Abin da ya rage shi ne iyakarka, ka rubuta shi a waya kafin a fara ciniki. Kuɗin gyara kuma daga bakin kafinta za ka ji shi, ba daga bakin mai sayarwa ba. In abin babba ne, biya kafintan ka tafi da shi.

Wajen tayi, lissafa aibin da ka gani ɗaya bayan ɗaya cikin mutunci, ba tare da kushe kayan mutum ba. In an ce albarka, yi sallama ka bar lambarka. Idan an sallama, a rubuta takarda: bayanin kayan, shekarun da mai shi ya ce, gyaran da ya sani, kuɗi, kwanan wata da shaidu biyu. Sau da yawa shekara ɗari biyu takan koma "tun ina yaro nake ganinta" da zarar an ɗauko biro.

11. Bayan ya shigo gida

Kuskuren da ya fi kashe daraja a nan ake yinsa, kuma da kyakkyawar niyya: a kai wa kafinta ya kankare ya fesa sabon fenti don ya yi kyau. Duhun nan da santsin da shekaru suka bari shi masu tarawa ke biya, in ya tafi ba ya dawowa. Goge ƙura da busasshen tsumma mai laushi, ka shafa kakin zuma kaɗan sau ɗaya ko biyu a shekara. Ban da ruwa da omo, ban da baƙin mai, ban da man gyaɗa. In gyara ya zama dole, a yi wanda za a iya warwarewa, kuma duk guntun da ya fita ko tsohon mariƙi a adana shi a leda cikin durowa.

Wajen ɗauka, a kama kujera ta mazauni, tebur ta ƙarƙashin jikinsa, a zare durowoyi a ɗauke su daban. Ajiye shi nesa da taga da rana, a ɗan janye daga bango, ƙafafun a kan tayil ko wani abin da zai raba su da daɓen ƙasa. Da hunturu ƙananan tsaga za su buɗe, kada ka yi saurin cusa musu gam, yawanci damina na zuwa suke rufewa. Duk wata ka leƙa ƙarƙashinsa da tocila ko gara ta fara gini. Hotunan da ka ɗauka ranar saye, da rasit, da duk abin da aka faɗa maka, ka haɗa su a ambulan guda, ka rubuta sunan kayan da kwanan wata a bayansa.